Bashin Alhaji Jika A Wuyana

Masu bin labarin nan nawa, sannunku da haƙuri. Wanda yau ya fara leƙowa, bari in ja masa kujera. Sunana Babayo, ina da butik, wato kantin kayan masarufi, a unguwar London, nan Libreville ta ƙasar Gabon. Abokina Alhaji Jika, wanda muka sauka garin nan a jirgin ruwa ɗaya muna samari, ya rasu a farkon damina. Ya bar mata ɗaya, Hajiya Zubaida, da 'ya ɗaya, Nafissa, da gida a Okala. Ni kuma tawa matar ta daɗe da rasuwa. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana wurin Zubaida, da furfurata da komai. Amma tana cikin takaba, kuma mai takaba ba a yi mata maganar aure. Don haka na kame bakina, na kame ƙafata. Shinkafa da mai nake aikawa, gaisuwa kuma ta bakin Nafissa.

Ranar Laraba da la'asar ana tafka ruwa, ina gyara kwalayen madara kada laima ta kama su, sai ga Nafissa ta faɗo butik. Ko farar rigar aikinta ta kantin magani ba ta cire ba, baƙar abaya kawai ta ɗora a kai, ta jiƙe har gwiwa. Ba sallama, ba gaisuwa. Yarinyar da ko ruwa za ta miƙo mini sai ta rusuna.

"Baffa, za su sayar da gidan."

"Wane gida?"

"Gidanmu. Jibi, bayan sallar Juma'a. Kawu Abdulrauf ya samo mai saye."

Na ajiye kwalin da ke hannuna. Na ce ta zauna a kan buhun sukari ta yi mini bayani daga farko, kada ta tsallake komai.

Kun san al'adarmu. Idan an jera gawa za a yi salla, liman yakan ɗaga murya ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, a biya shi. A gida, wannan magana a kunnen mutanen unguwa take tsayawa. Mu nan da 'yan'uwanmu suke warwatse, a waya muke yin ta. Abdulrauf, ƙanin marigayi, ya sa sanarwar a zauren WhatsApp na Hausawan Libreville, da hoton Jika, da sunan unguwa, da lambar da za a kira, wato wayar Jika da ke hannun Zubaida. Bai yi laifi ba, haka kowa yake yi. Daga wannan zaure aka tura wani zauren, daga can wani. A taƙaice mun buga wa duniya ganga cewa ga mamaci, ga lambar matarsa, kuma a shirye muke mu biya duk wanda ya buɗe baki.

Bayan sadakar bakwai wata mata ta kira. Ta ce sunanta Madam Inès, daga wani kamfanin inshorar lafiya. Murya kamar zuma. Ta yi ta'aziyya, ta kira Zubaida "maman", har ta tambayi hawan jininta. Ta yi mata tallar inshorar marayu, Zubaida ta ce ba ta so. Sai matar ta ce ba komai, dama akwai ɗan ragowar kuɗi da marigayi bai ƙarasa ba, sefa dubu tamanin kacal. Ta turo faktir, wato takardar neman biya, a waya, da hatimi ja da sa hannu. Zubaida ta biya nan take ta wayar, ba ta gaya wa kowa ba.

Wanda ya biya sau ɗaya ya shiga hannu. Bayan kwana kaɗan ga wata faktir, wai tarar jinkiri. Ga wata, wai na'urar hasken rana da Jika ya yi oda ta waya ba a kai ga kawowa ba. Awarwaronta na zinare suka tafi, sarƙar da ya sayo mata a Makka ta bi su. Yanzu kuma wani namiji ne yake kira, ya ce shi usiye ne, mai liƙe gidaje da umarnin kotu. Miliyan shida, ko a rufe gidan ranar Litinin.

"Ke da kika yi boko, me kika gani a takardun?"

"Ƙarya ce, Baffa. Na bi adireshin da ke jiki, wurin facin taya na tarar. Duk lambar da suke cewa a tura kuɗi, sunan da ke fitowa daban. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, sun rubuta, suna bincike. Amma Juma'a ba za ta jira bincike ba."

"Kin gaya wa Hajiya duk wannan?"

"Na gaya mata har na yi kuka. Magana ɗaya take maimaita mini: idan kuma gaskiya ne fa?"

Na rufe butik tun kafin magariba, abin da ban saba ba. Washegari da hantsi na saka farar shaddata mai ɗinkin Kano, na cire ta, na saka wata tsohuwar jallabiya ruwan toka. Kada a ce na yi wa mai takaba kwalliya. Turare ma na ɗauka na mayar. Na tari taksi zuwa Okala.

Gidan ba wani babba ba ne. Ɗaki uku da falo, bishiyar mangwaro a tsakar gida, tankin ruwa shuɗi a kan dakali. Amma duk wanda ya yi zaman haya a garin nan yana baƙo ya san abin da gida yake nufi. Jika ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaki ɗaya a unguwar Derrière la Prison, ruwa yana shigo masa har ƙarƙashin gado duk damina, kafin ya kafa wannan. Idan aka sayar, Zubaida ɗakin haya za ta koma, ko a kwashe ta a mayar Najeriya wurin dangin da ta rabu da su tana amarya.

A baranda aka shimfiɗa mini darduma. Zubaida tana daga cikin falo bayan labule mai ruwan ƙasa, ƙafarta kawai nake gani cikin safa, da bakin hijabinta. Nafissa ta zauna a bakin ƙofa tsakaninmu. Abdulrauf kuwa yana kan kujerar roba da fayil a cinyarsa, yana kaɗa makullin babur.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. An gode da ɗawainiya."

Muryar ta dushe. Na yi kamar ban ji ba, na shiga maganar da ta kawo ni. Na ce mutanen nan ɓarayi ne. Na ce sana'arsu ke nan, suna zaune a wani ɗaki da wayoyi goma suna bin sanarwar mutuwa kamar yadda mu muke bin farashin shinkafa.

Abdulrauf ya yi tsaki. "Alhaji Babayo, kai ka san duk harkokin Yaya ne? Ni da muke ciki ɗaya ban sani ba. Takarda ga ta da hatimi. Mu baƙi ne a ƙasar nan, idan kotu ta shigo ciki har katin zamanmu sai an tono. A biya, a huta."

"Hatimi? Ka ba ni sefa dubu biyu in sassaƙo maka irinsa a bakin kasuwa kafin azahar."

"To mai saye dai ya ba da kalma."

"Nawa ya taya?"

Ya faɗa. Ko rabin kuɗin gidan bai kai ba. Na dube shi, ya kau da kai. Ban ce yana da hannu a ciki ba, kuma har yau ban ce ba. Tsoro ne ya cika masa ciki, kuma matsoraci ya fi kowa saurin sayarwa.

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara daga bayan labule. Na ji yadda Zubaida ta zabura, har kofi ya faɗi. Nafissa ta karɓo ta buɗe murya kowa ya ji. Madam Inès ce.

"Bonjour maman, ya jikin? Kin sha maganinki?"

Na karɓi wayar. Faransancina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda nake so. Na ce ni ɗan'uwan marigayi ne, kuɗi suna hannuna a jaka, miliyan shida cif. Ta faɗi ofis, yanzu in hau taksi in kawo.

Ta ce ai ba sai na wahala ba, yanzu komai ta waya ake yi.

Na ce ni tsoho ne, ban iya waya ba, hannu da hannu na sani.

Ta ce ofishinsu yana can garin Port-Gentil.

Na ce madalla, ina da yaro a can, ta ba ni titi da lambar ƙofa.

Sai zumar ta ƙare. Ta ce ita da maman take magana, ba da ni ba. Ta ce, "Maman, kina ji? Mijinki mutumin kirki ne, kada ki bari a hana shi kwanciya lafiya." Ta kashe.

Wannan kalma ta ƙarshe ba a makarantar inshora ta koye ta ba. Wani wanda ya san mu ne ya koya musu inda za su taɓa.

Na ce, "Hajiya, kin ji da kunnenki. Tun da nake kasuwa ban taɓa ganin mai bin bashi yana gudun a kawo masa kuɗi ba."

Sai ta ce, "Na ji, Alhaji. Wataƙila ɓarayi ne. Ni ma ba yarinya ba ce, na yi wannan tunanin. To amma ka rantse mini Baban Nafissa bai taɓa cin bashinsu ba. Ka rantse."

Ban rantse ba. Wa zai rantse a kan abin da mamaci ya yi shi kaɗai da wayarsa?

"Ka gani? Ni ba na iya fita in bincika, shi ba ya iya tashi ya faɗa. Tun muna yara ake gaya mana mamaci yana rataye da bashinsa har a biya. Ina rufe ido sai in gan shi tsaye a rana. In ɓarayi suka ci gidan, na yi asarar gida. In gaskiya ne na ƙi biya, me zan ce masa ranar da muka haɗu? Gara in kwana a titi."

Nafissa ta fashe da kuka. Abdulrauf ya miƙe ya rako ni ƙofa, ba don girmamawa ba. A bakin get ya rage murya.

"Alhaji, tambaya ɗaya. Gidan kake wa gadi, ko matar gidan?"

Jama'a, na sha zagi a rayuwata da yare kusan biyar, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ba, domin rabinsa gaskiya ne. Na ce masa ya gaida gida.

A taksi na yi ta juya maganar. Na gane ba a kan takarda ake faɗan nan ba. Ko alƙali na kawo ya ce faktir ɗin jabu ce, Zubaida za ta ce idan kuma gaskiya ne fa. Ba hujja take nema ba. So take a sauke mata mijinta daga rana. Da na iso London ban shiga butik ba, na wuce gidan limaminmu na yi masa tambaya ɗaya. Ya ba ni amsa, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Babayo, ka san nauyin abin da kake tambaya? Ba a janye shi."

"Na sani, Malam."

"Kuma ka san abin da mutane za su ce."

"Sun riga sun fara."

Da safiyar Juma'a saƙon Nafissa ya shigo: "Baffa mai sayen zai zo ƙarfe uku da takardu. Mama ta ce in nemo mata biro." Na rubuta mata: "Ki ɓoye biron." Ta turo mini hoton fuska mai dariya da hawaye.

Masallacinmu na Juma'a ya cika har waje, 'yan Kano, 'yan Damagaram, 'yan Garwa, da yaranmu haihuwar nan masu gaisawa da Faransanci. Ana sallamewa liman ya ce kowa ya dakata, akwai sanarwa. Ya miƙo mini lasifika. Na miƙe na karɓa.

Na ce, "Jama'a, ku shaida. Ni Babayo, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Duk bashin da ake bin marigayi Alhaji Jika, wanda aka sani da wanda ba a sani ba, daga yau ya bar wuyansa ya dawo wuyana. Iyalinsa ba su da sauran magana a ciki. Mai bi ya same ni a butik ɗina a London, ya zo da ƙafarsa da shaidunsa. Ba na biyan murya a waya."

Masallaci ya ɗauki guna-guni. Na ji wani daga baya ya ce, "Ikon Allah, abota ke nan." Wani ya amsa masa, "Abota ko?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na mayar wa liman lasifika. Abdulrauf yana sahu na biyu, fuskarsa kamar an mare shi.

Liman bai tsaya nan ba. A gaban mutane ya kira wayar Zubaida ya buɗe murya. Ya gaya mata abin da aka yi. Ya ce a shari'a, idan rayayye ya ɗauki bashin mamaci a gaban shaidu, mamaci ya kuɓuta, ko bashin gaskiya ne ko ƙarya. Ya ce daga yanzu ba ta da dalilin sayar da ko tubali ɗaya saboda bashi.

Kuka kawai muka ji, irin wanda mutum yake yi idan an sauke masa kaya daga ka. Dattawa suka sunkuyar da kai. Kafin in gama neman takalmina saƙon Nafissa ya shigo: "Mama ta ce a gaya wa mai sayen kada ya zo. Matar nan ta kira, na ba ta lambarka, ta kashe."

Ba su kira ni ba. Na san ba za su kira ba. Ina saka takalmi ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa da wayo: na sayi bashin da babu shi, na biya da baki.

Sai aka taɓa kafaɗata.

Malam Muhajir ne, mai sayar da kayan gini a hanyar filin jirgi. Dattijo mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka siminti ya ƙare ba sai ka leƙa sito ba. Ya ja ni gindin katanga, yana murza hularsa a hannu.

"Alhaji Babayo, wallahi kunya nake ji. Na yi niyyar in yi shiru har in mutu, don ba zan iya tsayawa gaban marainiya da mai takaba in ce a biya ni ba. Amma ni ma amanar wasu ce a hannuna, kuma yanzu ka ce mai bi ya zo."

Na ce, "Faɗi, Malam."

"Kwanon rufin gidan Okala, da rodi, da simintin ƙarshe. A wurina ya ɗauka. Ya biya rabi, ciwo ya kwantar da shi. Direban da ya kai kayan yana nan, magini ma yana nan, in kana son shaidu."

Ya faɗi abin da ya rage. Na lissafa a kaina, ya kusa cinye duk abin da ke cikin butik ɗina. Ban nemi shaidu ba. Na san Jika, na san Muhajir, kuma na tuna yadda rufin nan ya hau cikin mako guda a lokacin da kasuwa ta mutu.

Na ɗaga ido sai na ga Abdulrauf a bayanmu, tsaye da takalmi a hannu. Ya ji komai. Ya juya ya tayar da babur ya nufi Okala.

Na san Zubaida. Idan ta ji akwai bashi na gaskiya, kuma butik ɗina ce za ta tafi a kansa, kafin dare za ta aika a kira mai sayen nan. Abu ɗaya ne zai hana ta: ta ji labarin bashin da an riga an biya.

Na ce, "Malam, motarka ta kaya tana kusa?"

"Tana nan. Amma ba gaggawa, Alhaji, ko a shekara..."

"Akwai gaggawa. Kira direba."

Kafin la'asar ta yi sanyi mun kwashe. Shinkafa, mai, madara, sukari, katan-katan na tumatir, har firiza babba da na saya bara. Wani ɗan Mali mai sari a layinmu ya saye rabi nan take, Muhajir ya karɓi sauran a kan farashi. Maƙwabta suka fito suna kallo, wata 'yar Gabon mai sayar da gasasshen kifi tana tambayata ko ƙasar zan bari. Muhajir ya ɗaga hannu a gaban mutum biyu ya ce an biya shi, ya yafe ɗan abin da bai cika ba. Ya tafi yana share ido.

Na zauna a kan benci a tsakiyar butik. Sabulu ya rage, da ashana, da 'yan kwalaben ruwa. Muryata ma amsawa take yi a ciki in na yi tari.

Wayata ta yi ƙara. Lambar Jika. Na ɗauka ina zaton Nafissa ce.

"Alhaji."

Ita ce da kanta. Tun da aka yi rasuwar ba ta taɓa kirana ba.

"Abdulrauf ya gaya mini. Na ce Nafissa ta kira mai sayen gidan."

"Ki ce ta fasa, Hajiya. An biya. Ki tambayi Malam Muhajir."

"An biya? Da me?"

Na dubi kantocin da babu komai a kansu. Na ce, "Da abin da ya samu."

Sannan ta ce, a hankali, "Ba ɗan'uwansa ba ne kai. Ba wanda zai zarge ka da ka yi shiru. Me ya sa, Alhaji?"

Amsar tana bakina, ta cika shi. Na danne ta.

"Hajiya, ki sake yi mini wannan tambayar ranar da kika fita takaba."



"To," in ji ta. "Zan tambaya."